Kafin Ka Sayi Makirufo, Saurari Ɗakinka

Filin tambayoyin masu karatu kan sauti da kayan sauti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kaɗa gurmi ne, ina waƙa da kaina, wani lokaci abokina yana raka ni da kalangu. Ina so in fara ɗaukar waƙoƙina a ɗaki, domin kuɗin sutudiyo ya fara fin ƙarfina. Sannan ana gayyatata ƙananan tarurruka, walima da zaman suna. Ɗan abin da na tara ba shi da yawa, amma ina da tsohuwar kwamfuta. Wani ya ce in sayi makirufon kondensa irin wanda ake ratayawa a sutudiyo, wai shi ne na ƙwararru. Da me zan fara? Daga mai gurmi, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Kada ka sayi kondensa yanzu. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, makirufo ne mai kyau, amma don ɗakin da aka kashe wa kuɗi aka yi shi. Kunnensa ya cika kaifi. Zai ɗauki muryarka, ya haɗa da janaretan maƙwabci, da fanka, da adaidaita sahun da ya wuce bakin titi, da amsa-kuwwar bangon siminti. Kuma ba ya aiki sai an ba shi wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48, ga shi ba ya shiri da ƙurar hunturu da danshin damina. In ka kai shi filin taro kuwa, da ka ɗan ɗaga murya lasifika za ta fara kuka.

Abin da ya dace da kai shi ne makirufon dainamik, irin wanda mawaƙa ke riƙewa a hannu. Abin da ke gaban bakinsa yake ji, na bayansa kuwa sai kaɗan. Sarkinsu shi ne Shure SM58, wanda yake kasuwa tun 1966, kuma farashinsa a waje yana wajen dala 100. Yana jure faɗuwa, yana jure gumi, ka yi ɗauka da shi da dare, gobe ka jefa shi a jaka ka tafi walima. In bai samu ba, Behringer XM8500 bai kai rabin kuɗinsa ba, kuma na ji waƙoƙin da aka ɗauka da shi waɗanda ba za ka raina ba. Biyu nake so ka mallaka, ɗaya na baki ɗaya na gurmi, ko da za ka fara da ɗaya ka ƙaro ɗayan daga baya.

Sai dai ka yi hattara, babu makirufon da aka fi yi wa jabu kamar SM58. Kwalin ma ba ka iya bambancewa. Na gaske nauyinsa wajen giram 300 ne, amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan: ka sa mai shago ya jona shi a lasifika, ka yi shiru, ka riƙa murza jikinsa da tafin hannu, ka canja shi daga dama zuwa hagu. Na asali yana da matashi a ciki da ke shanye motsin hannu, kaɗan za ka ji. Na jabu kuwa duk motsin yatsa sai ka ji gurun-gurun a lasifika. In an yi maka arahar da ta wuce hankali, bar musu kayansu. Gara XM8500 na gaske da SM58 na ƙarya.

Bayan makirufo sai akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, wanda 'yan sutudiyo ke kira saunkad. A nan mutane da yawa ke yin asara. Focusrite Scarlett Solo ya yi suna, amma makirufo ɗaya tak yake ɗauka. Kai mai baki da gurmi kana bukatar mai kafa biyu: Scarlett 2i2, ko Behringer UMC202HD wanda ya fi sauƙin kuɗi. Dukansu daga kwamfuta suke shan wuta ta USB, don haka ko an ɗauke wuta aikinka bai tsaya ba. Hasali ma lokacin da kwamfuta ke kan batir sauti ya fi tsabta. In ka ji wani zuuu a ƙarƙashin ɗauka, fara zare cajar kwamfutar kafin ka zargi komai. Manhaja kuwa, Audacity kyauta ce kuma ta ishe ka farawa. Ka haɗa da hedfon mai rufe kunne, kamar Audio-Technica ATH-M20x. Lasifikun sutudiyo su jira.

Yanzu ga abin da ya fi duk sayayyar nan muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi. Makirufon yana fuskantarka, saboda haka abin da ke bayanka shi yake ji. Jingina katifa a bangon da ka ba wa baya, ka shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa, ka sauke labule, ka kashe fanka ka daure wa zafi na ɗan lokaci. Kada ka ɓata lokaci wajen manna kiret ɗin ƙwai a bango, amfaninsa kaɗan ne kuma abincin gobara ne. Makirufon baki ka bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsa da bakinka. Na gurmi ka ja shi baya kamar taƙi guda, kada ya kalli daidai inda yatsa ke bugun tsirkiya, domin ƙas-ƙas ɗin farce zai rufe daɗin kiɗan. Karkata shi wajen da sanda ta shiga ƙoƙo, ka saurara, ka ɗan matsar, ka sake saurara. Kowane gurmi da inda muryarsa take, kuma fatar da ta saki da damina ba ita ce wadda ta ɗame da hunturu ba. Kalangu kuwa ya fi ku ƙarfi duka, abokinka ya koma can kusurwa, ko ku ɗauki nasa daban. Wajen saita ƙarfin shiga, ka yi waƙa da iya muryarka, ka tabbata ma'aunin ƙarfin sauti da ke cikin manhajar bai wuce wajen -12 ba. Ƙaramin sauti ana ɗaga shi daga baya, wanda ya taɓa jan layin ma'auni ya fashe kuwa ba shi da gyara.

Batun taro, shawarata kada ka sayi lasifika tukuna. Yi haya, ko ka yi amfani da ta masu taron, amma ka je da makirufonka da wayoyin jona shi masu ƙafa uku, waɗanda ake kira XLR, har da ɗaya ta ko-ta-kwana. In kuɗi sun ƙaru, ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sautuka da daidaita su, kamar Yamaha MG06 tana ɗaukar makirufo biyu, kuma za ta ba ka iko da sautinka.

Tambaya: Malam, ina rubuta waƙoƙin bege ina rerawa, ba ni da kwamfuta sai waya. Akwai mafita? Daga wata 'yar'uwa, Maraɗi.

Amsa: Akwai, Malama. Nemi Samson Q2U. Dainamik ne mai kafa biyu, USB da XLR. Ki jona shi a waya da ɗan adaftan OTG mai haɗa kayan USB da waya, ranar da za ki rera a gaban jama'a kuma ya shiga miksa. Ki gwada shi da wayarki a shago kafin ki biya, domin ba kowace waya ke karɓa ba. Lokacin ɗauka ki sa wayar a yanayin jirgin sama. In za ki tura wa mai gyara ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, saƙon murya yana matse sauti ya rage masa kyau.

Tambaya: Duk majalisin da muka yi, sai lasifika ta riƙa tsala ihu har mutane su toshe kunne. Laifin inji ne? Daga masu mandiri, Gusau.

Amsa: Da wuya ya zama inji. Sautin lasifika ne ke komawa cikin makirufo yana zagayawa. Ku matsar da lasifikun su kasance a gabanku suna kallon jama'a, ku kuna bayansu. Mai waƙa ya kusantar da baki sosai don a samu a rage ƙarfin makirufon, kuma ya daina dunƙule kansa da hannu, domin toshe ramukan bayan kan yana sa ya riƙa ji ta ko'ina. Ku rage eko, na san ana sonsa a majalisi amma yana ƙara kukan. Makirufon da ba a magana da shi a lokacin, a sauke shi ƙasa gaba ɗaya.