Yadda ake ajiye irin furanni

Hajiya, kin tambayi yadda za ki ajiye irin marigol ɗinki, furen nan mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, har damina ta zagayo. Kada ki yi gaggawar tsinka. Bar furen a jikin uwarsa sai ya bushe ƙayau, ya koma ruwan ƙasa. Ki murza shi a tafin hannu, za ki ga 'ya'yan sirara baƙaƙe kamar allura, da farin gashi a kai. Ki shanya su a faranti cikin inuwa kwana 7.

Don Allah banda leda! Gumi take yi, irin ya yi fumfuna. Haka na rasa nawa bara, ya kuma yi mini ciwo. Ki zuba a ambulan, ki rubuta suna, ki ajiye nesa da murhu.