Hukuncin kaɗa jita a wasan kwaikwayon ɗalibai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ghana da ke Legon, gidanmu kuma yana unguwar Nima a birnin Akra. Tun ina sakandare na koyi kaɗa jita a wurin wani abokina. Yanzu ɗalibai suna shirya wasan kwaikwayo irin wanda ake haɗawa da waƙa da rawa, sun sa ni cikin makaɗa. Mu ba ma hawa dandamali, a gefe muke zama, ni da mai ganga da mai piyano. Ba fannin da nake karanta ba ne, babu maki a ciki, amma na riga na yi musu alkawari, kuma saura mako uku a fara nunawa. An ce za a ba kowa ɗan kuɗin mota. Wani ɗan'uwa a masallacin makaranta ya ce mini duk mai kaɗa jita fasiƙi ne, wani kuma ya ce babu hadisi ingantacce ko ɗaya da ya hana. Baba bai san da maganar ba. Malam, ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, 'yan'uwan nan naka biyu kowa ya ɗauko rabin magana ya riƙe.

Bari in fara da abin da aka karantar da mu a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta ce bai halatta ka saurari kayan kiɗa da waƙa da gangan ba. Mukhtasar na Shehu Halil, a babin walima, ya yi rangwame a bandiri, ya kawo saɓani a kan wasu ganguna, ya kuma kawo maganar Ibn Kinana mai halatta sarewa da ƙaho. Amma kayan kiɗa masu tsirkiya, irin su molo da garaya da goge, wanda jita ma cikinsu take, abin da ya shahara a Malikiyya shi ne haramci, haka kuma yake a sauran mazhabobin uku. Hujjarsu babba ita ce hadisin da Bukhari ya kawo, inda Annabi (SAW) ya ce za a sami wasu mutane daga al'ummarsa da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Suna ƙarawa da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Abdullahi bn Mas'ud ya rantse cewa waƙa take nufi.

Wanda ya ce maka babu hadisi ingantacce, maganar Ibn Hazm ce ya ji, malamin Andalus da ya rasu a 456. Shi ne ya ce isnadin hadisin Bukhari, wato jerin masu ruwaito shi, a yanke yake. Malaman hadisi ba su bar shi ba: Ibnus Salah ya mayar masa da martani, Ibn Hajar kuma ya tattaro hanyoyin hadisin a haɗe. Ni a nan ina tare da su. Hadisin ya inganta, kada ka sake maimaita waccan maganar.

Sai dai ingancin hadisi daban, abin da aka fahimta daga gare shi daban, kuma a nan ne saɓanin gaske yake. Masu sassautawa suka ce an ambaci kiɗan ne a jere da zina da giya, don haka abin da ake zargi shi ne zaman da ya tara su. Suka kafa hujja da 'yan matan nan biyu da suke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. Shaukani, wanda ya rasu a 1250, ya rubuta ɗan littafi musamman don rushe iƙirarin cewa an yi ijma'i, wato haɗuwar malamai baki ɗaya, a kan haramcin, ya kawo wasu daga malaman Madina da suka yi rangwame har a molon Larabawa. Abdulgani Annabulusi ya halatta da sharuɗɗa, haka Shehu Mahmud Shaltut, shugaban Azhar da ya rasu a 1963, haka Shehu Yusuf Alƙaradawi. Ko a gidanmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a littafinsa Najmul Ikhwan ya kawo saɓanin malamai a kan kayan kiɗa, ya sassauta fiye da ƙaninsa Malam Abdullahi. To wanda ya kira ka fasiƙi kai tsaye, sai ya gaya mana sunan da zai kira waɗannan. Masu hanawa sun fi yawa, hujjarsu kuma ta fi fitowa sarari, amma mas'alar saɓani ce, ba a kuma jifan mutum da fasiƙanci a kan abin da ya bi malamai amintattu a cikinsa.

Maganar Imam Gazali ce ta fi tsaya mini a rai a wannan babi. A littafinsa Ihya'u ya halatta sauraron murya mai daɗi, amma ya cire kayan tsirkiya da wasu na busa, ya kuma faɗi dalilinsa: a zamaninsa su ne alamar mashaya, suna tuna wa mai ji zaman giya, suna ja zuwa gare shi. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin mun san abin da ya sa iyayenmu suke ƙyamar garaya da goge: bori da gidajen karuwai. Jita ma a wannan gaɓar teku tana da irin tarihinta. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya ne suka yaɗa salon kaɗa ta, ta zauna a rumfunan masu sayar da bammi, har kiɗan ya ɗauki sunan bammin. Daga nan ta shiga kiɗan hailaif na Ghana, ta shiga coci, ta shiga aji. Yau yaro yana iya koyon ta a ɗakin kwanan ɗalibai bai taɓa ganin ƙoƙon bammi ba. Wanda ya ce illar, wato dalilin hanin, ita ce alamar mashaya zai ce hukunci ya tafi da tafiyar illarsa. Wanda ya tsaya a kan lafazin hadisi zai ce babu abin da ya sauya. Dukkansu fiƙihu suke yi.

Amma ɗana, ka tambaye ni jita, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wasan. Babu malami ko ɗaya cikin masu sassautawa da ya halatta kiɗan da yake yi wa alfasha rakiya, kuma zamanka a gefe ba ya fitar da kai. Mai rawa da kiɗanka take juyawa, mai waƙa da tsirkiyarka yake samun murya. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 2, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Saboda haka ka karɓi rubutaccen wasan da baitocin waƙoƙinsa duka, ka karanta daga farko har ƙarshe, ka kuma tambayi mai shirya wasan irin tufafi da irin rawar da za a yi. Makaɗa da yawa suna koyon nasu ɓangaren ne kawai, sai daren farko su ɗaga kai su ga abin da suke yi wa kiɗa.

Kada kuma ka wuce gona da iri wajen dubawa. Ba duk mugun abin da aka nuna a wasa ne yake haramta shi ba. Labarin da ya nuna mashayi ya lalace, ko azzalumin sarki ya faɗi, ko ya nuna al'adun mutanen ƙasar nan a matsayin tarihi, wannan labari ne, Alƙur'ani ma ya hakaito mana maganar Fir'auna. Abin da za ka guda shi ne rawar tsiraici da rungume-rungume tsakanin maza da mata, da waƙar da take ƙawata zina ko giya, da izgili ga addini, namu ko na wasu. Haka kuma waƙar bauta ga wanin Allah, ko wadda take kiran Annabi Isa (AS) ɗan Allah, ko roƙon kakanni da zuba musu giya a ƙasa idan da gaske ake yi don buɗe taro. Abokan karatunka Kirista ba laifi suka yi maka ba don sun rera abin da suka yi imani da shi, zaman lafiyar da ke tsakaninmu da su a Ghana kuma ni'ima ce da ya kamata a tsare. Kai dai ba za ka raka wannan da hannunka ba, sai ka faɗa musu cikin ladabi.

Ga fatawata. Idan ka sami ɗaya daga waɗannan a wasan kuma ba za a cire ba, haramun ne ka ci gaba, babu saɓani, alkawari kuma ba ya ɗaure mutum a kan saɓo. Ka gaya musu gobe, kada ka bari sai ana saura kwana biyu, don su sami wanda zai maye gurbinka; Legon ba ta rasa masu jita ba. Idan kuwa wasan mai tsabta ne, bari shi ya fi, domin fita daga saɓani abin so ne, amma ba zan ce ka yi zunubi ba in ka cika alkawarin da ka ɗauka kana bin malaman da suka halatta. Sharaɗi guda: ya zama zuciyarka ta natsu da hujjarsu. In a ranka ka gamsu cewa hadisin ya hana, to bai halatta ka saɓa wa abin da ka gamsu da shi ba don kawai ka ji wani ya yi rangwame. Annabi (SAW) ya ce ka bar abin da yake sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka. Bayan wannan wasan kuma kada ka karɓi wani sai ka zauna gaban malami ka karanci babin da kyau.

Sai salla. A Akra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, daidai lokacin da ɗalibai suka fi yin gwaji, Magariba kuwa lokacinta gajere ne. Ka sanar da su tun yanzu cewa za ka riƙa ajiye jita ka tafi, ranar Juma'a kuma ba ka nan da azahar. Idan kiɗan ya ci maka salla guda har lokacinta ya fita, ya haramta a kanka ko a wurin mafi sassaucin malamai. Ka kiyayi keɓewa da mace da sunan koyon waƙa, ka kuma bar musu walimar bayan wasa in akwai giya.

Kuɗin mota ba komai, mayar maka da abin da ka kashe ne a motar haya ta trotro. Lada a kan kiɗan kansa kuwa yana bin hukuncin kiɗan, Halil ma ya karhanta hayar kayan kiɗa ko don biki, saboda haka kada ka mayar da shi sana'a.

Maganar Baba ba ƙarama ba ce. Ka gaya masa da bakinka kafin wani ya nuna masa hotonka a waya, ka san Nima ba ta riƙe magana. Ka kai masa rubutaccen wasan, ka karanta masa wannan amsa in kana so. In ya ce a'a, magana ta ƙare, domin iyakar abin da masu halattawa suka ce shi ne ya halatta, biyayya ga mahaifi kuwa a irin wannan wajibi ce. Sai ka je ka ba abokanka haƙuri, ka taya su neman wani makaɗin, ka koya masa inda ka kai.

Wallahu a'alam.