Giwaye sun cinye mini gona: ya halatta in sa musu guba, ko in shiga dajin da aka killace in yi sabuwar gona?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye da ke bakin dajin Yankari, a ƙasar Alkaleri ta jihar Bauchi. Bara, saura kamar mako biyu mu yanke dawa, giwaye suka faɗo mini gona da tsakar dare. Ina kan rumfar gadi ni da babban ɗana, sai muka ji kara yana karyewa ta ko'ina. Muka buga garwa, muka hura wuta, muka yi ihu har murya ta dushe, ba su fita ba sai wajen asuba. Da gari ya waye na ga sawunsu kamar faifai a cikin kunya. Gonar da na saba ɗaure dami sittin, dami biyar na tsira da shi. Mun kai kuka, an zo an duba, har yau muna jira.

Bana samarinmu sun ce a cusa guba a cikin kabewa a ajiye musu a hanya, ko mu yi karo-karo mu kira maharbi. Shin ya halatta? Sannan gonar gado ta gaji, yara sun girma suna neman inda za su kafa gida, ga daji a gabanmu an ce kada mu taɓa. Wani ya ce mini ai ƙasa ta Allah ce, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Matanmu kuma ko itacen girki suka shiga ɗiba sai a kore su. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa. Wanda bai taɓa yin noma da huɗa da maimai ba, ya wayi gari ya ga guminsa na wata biyar a kwance a ƙasa, ba zai san abin da ke ranka ba. Ina yi maka bushara da hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim: babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, face an rubuta masa sadaka. Ladanka yana nan. Amma lada ba ta soke haƙƙinka na duniya, kuma zan zo kansa.

Bari in fara da maganar dajin, domin sauran hukunce-hukuncen a kanta suke tsaye.

Gaskiya ne ƙasa ta Allah ce, kuma hadisin da aka faɗa maka ya inganta, yana cikin Muwaɗɗa. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Sai dai malamanmu na Malikiyya ba kowane fili da babu shuka suke kira matacce ba. A wurinsu matacciyar ƙasa ita ce wadda babu wani haƙƙi da ya rataya da ita. Cikin abubuwan da suke fitar da ƙasa daga wannan suna akwai abin da Larabawa ke kira hima, mu kuma muke kira hurumi: wurin da shugaba ya keɓe domin amfanin jama'a baki ɗaya. Annabi (SAW) ya ce babu hurumi sai na Allah da ManzonSa, wato ba a yarda wani mai ƙarfi ya killace wa kansa daji ba kamar yadda ake yi a jahiliyya. Shi da kansa ya keɓe Naƙi'u domin dawakan Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san hurumin gari da burtali da mashaya, kuma ba wanda yake kafa garma a cikinsu ya ce ƙasar Allah ce.

Mai tambaya zai iya cewa: waɗancan an keɓe su ne domin dawakan yaƙi da raƙuman zakka, ina ruwansu da namun daji? Tambaya ce mai kyau. Dalilin keɓewar shi ne maslahar jama'a, ba jinsin dabbar ba. Kuma shari'a ta nuna mana ƙarara cewa wanzuwar halittu maslaha ce da take kiyayewa. Annabi (SAW) ya mayar da Madina harami, ya hana sare itatuwanta da razana namun dajinta. Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku. Da ruwan ɗufana zai zo, an umurci Annabi Nuhu ya ɗauki biyu-biyu daga kowane jinsi. Ko kare, da mutane suke ƙyama, Annabi (SAW) ya ce ba domin karnuka al'umma ce daga cikin al'ummomi ba da ya yi umurni a kashe su. Idan haka ne ga kare, yaya za a ce a ƙarar da giwa?

Kuma ƙarewar ba almara ba ce. An keɓe Yankari a 1956, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, kuma ƙiyasin da masu kula da namun daji suke yi shi ne giwayen da suka rage a cikinsa ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Wannan ɗan adadin yana cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Idan kowane ƙauye da aka yi wa ɓarna ya kashe biyu, ka lissafa da kanka. A yawancin ƙasar Hausa yau yaro ba ya sanin giwa sai a karin magana da kirarin sarakuna.

Saboda haka hurumin ya tabbata a shari'a, kuma bin dokarsa wajibi ne, yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓon Allah ba. Bai halatta ka shiga ka sare daji ka yi gona ko ka kafa gida a ciki ba tare da izinin hukuma ba. Ko da ba hurumi ba ne, mazhabar Malik ta shardanta izinin shugaba wajen raya ƙasar da ke kusa da gari. Ka kuma duba ta fuskarka: duk wanda ya matsa da gonarsa cikin daji, kan hanyar giwa ya kai abincinsa.

To, amma akwai rabin maganar da ba a cika gaya wa irinku ba, kuma ina ganin zalunci ne a karanta muku rabi a ɓoye rabi. Imam Malik da Bukhari sun ruwaito wasiyyar da Sayyidina Umar ya yi wa bawansa Hunayyu ranar da ya naɗa shi mai gadin hurumi. Ya ce masa ya sassauta wa Musulmi, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin karɓaɓɓiya ce. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya kiyayi dabbobin Ibn Aufu da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da dabino da gonaki da za su koma wa, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo yana kiran Amirul Muminina, kuma ba zai yiwu ya yi watsi da su ba. Ya ce ba su ruwa da ciyawa ya fi masa sauƙi a kan ba su zinariya da azurfa. Sannan ya rantse cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, domin ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi a jahiliyya, a kanta suka musulunta, kuma ba domin dabbobin da ake hawa saboda Allah ba da bai killace musu ko taƙi ɗaya ba.

Ka ga yadda halifa yake kallon maƙwabtan hurumi. Bai kira su ɓarayi ba. Ya yarda an ɗauki wani abu daga hannunsu, ya kuma yarda cewa idan suka talauce a dalilin haka, nauyinsu a wuyansa yake. Daga nan ne malamai suka sa sharuɗɗa: hurumi ya zama ana bukatarsa, kada ya yi faɗin da zai ƙuntata wa mutane, kuma kada a yanka shi a kan gidaje da gonakin da aka riga aka raya. Idan hukuma ta bukaci ƙarin fili daga gonar wani, sai da diyya.

Game da biyan ɓarnar da aka yi maka, zan gaya maka yadda abin yake ba tare da ƙari ba. A asalin fiƙihu naman daji ba shi da mai shi, don haka ba a bin kowa bashin abin da ya ɓata. Hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan taguwar Bara'u ɗan Azib, cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, masu dabbobi kuma su biya abin da dabbobinsu suka ɓata da dare, a kan dabbar gida ne. Amma abin da na fahimta, kuma shi nake ba da fatawa da shi, shi ne lamarin ya canza a nan. Hukuma ta ɗora hannunta a kan waɗannan dabbobi, ta hana ka kashe su, tana karɓar kuɗin masu zuwa kallonsu. Ƙa'idar fiƙihu ta ce wanda yake cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa. Ba daidai ba ne amfanin giwa ya zama na jiha baki ɗaya, asararta kuma ta zama ta manomi guda. Wajibi ne a kan hukuma ta tsare iyakar dajin, ta zo da gaggawa idan an kira ta, ta rage wa wanda aka yi wa ɓarna asara daga dukiyar jama'a, ta ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aikin gadi, ta kuma samar musu filin noma da na gini a wani wuri idan nasu ya yi kaɗan. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996, kuma suna cin waken manoma da mangwaronsu. Yau sun haura 600. Ba bindigar gandiroba kaɗai ta kawo haka ba. An haƙa wa ƙauyukan rijiyoyi, an ba su rancen sana'a, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora.

Yanzu ga maganar kisa. Shari'a ta ba ka damar kare ranka da iyalinka da dukiyarka daga duk abin da ya auko maka, mutum ne ko dabba, amma da mafi sauƙin abin da zai kore shi. Ba a nufin kisa sai an tabbata ba zai tafi ba sai da shi. Idan giwa ta taso wa mutum, rai yana cikin haɗari, ya kashe ta, babu laifi a kansa a wurin Allah. Imam Malik ya faɗi irin wannan a kan raƙumin da ya taso wa mutum, ya kuma nemi a kawo shaida, don haka sai a sanar da hukuma nan take. Amma a zauna a shirya, a kira maharbi ya bi garke cikin daji domin ramuwar ɓarnar bara, wannan ba kare kai ba ne. Wani annabi tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu, sai Allah Ya yi masa wahayi: don tururuwa ɗaya ta cije ka sai ka ƙone al'ummar da take tasbihi? Kuma maharbin da zai zo, ka sani hauren yake so, ba dawarka ba. Tun a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an karhanta amfani da hauren giwa, cinikinsa tsakanin ƙasashe kuma an hana shi tun 1989. Giwar da aka harba ba ta mutu ba kuwa, ita ce take komowa ta kashe mutane.

Guba haramun ce, ba na shakka a kanta. Ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Saniyar Bafulatani za ta ci kabewar, yaro mai kiwo zai iya tsinta, ungulu da kura za su ci mushen su mutu, ruwan sama ya wanke saura zuwa rafin da kuke sha. Kisa ne na azaba, alhali Annabi (SAW) ya ce idan za ku kashe ku kyautata kisan. Wannan shi ne halaka shuka da dabbobi da Allah Ya zarga a Suratul Baƙara, aya ta 205. Ka gaya wa samarin nan, idan wani ya mutu ko dabbar wani ta mutu a dalilin gubarsu, alhakin yana kansu, kuma sai sun biya.

Abin da ya rage muku shi ne kora, kuma ba aikin mutum biyu a kan rumfa ba ne. Ku yi gadi na gayya. Giwa ba ta son hayaƙin barkono, ana cuɗa shi da kashin shanu a busar a ƙona ta inda iska ke kaɗawa. Tana kuma tsoron ƙudan zuma. A Kenya manoma suna jera amya a kan waya a gefen gona, idan ta taɓa wayar sai zuma ta tashi, ga kuma zumar sayarwa. Ba kullum waɗannan suke tsare gona ba, amma suna rage ɓarna. Kukanku kuma kada ku gaji da kai shi, a rubuce, ta hannun mai unguwa da hakimi, da sunan kowa da abin da ya rasa.

Itacen girki: matar da ta tsinci busasshen reshe domin ta dafa wa yara tuwo ita ce mai 'yan tumakin da Umar ya ce a bari. Ya kamata hukuma ta ware musu gefe da ranakun ɗiba, kuma haramun ne mai gadi ya doke ta ko ya karɓi wani abu a hannunta. Kafin a yi wannan tsari, su tsaya a wajen iyaka gwargwadon iko. Wanda ya kamata a tsananta wa shi ne mai sare ɗanyen itace yana cika mota da buhunan gawayi zuwa birni.

Akwai kuma haƙƙinka a kan mutanen garinku. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, cikin mutum uku da aka halatta wa neman taimako akwai wanda annoba ta share dukiyarsa, har sai ya sami abin da zai tsayu da shi. Idan abin da ya rage maka ba zai kai ka wata kaka ba, kana cikin masu cin zakka, ko da an san ka da rufin asiri. Liman ya sanar da haka a masallaci, waɗanda giwa ta tsallake gonarsu su fara da ku idan sun zo fitar da zakkar hatsi.

Wallahu a'alamu.