Wai karatun aikin jarida yana da wani amfani idan ana yaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu admishan zan karanta Mas Kom, wato aikin jarida, bana, amma baffana ya ce wannan karatun surutu ne kawai, ga ƙasa tana fama da 'yan bindiga da rikicin ƙabilanci, gara in nemi likitanci ko aikin soja. Don Allah masu binciken kafafen yaɗa labarai suna da wata rawa da suke takawa a harkar yaƙi da zaman lafiya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa ka fara a sa'a. Baffanka kishinka yake yi, kar ka yi musu da shi, amma ka ba shi labarin Ruwanda.

A 1993 aka buɗe wani gidan rediyo mai suna RTLM a Kigali, babban birnin ƙasar, kuma ba da wa'azin kisa ya shigo ba, kiɗan zamani yake sakawa da barkwanci, matasa suka ɗauke shi nasu, a cikin raha ake kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai har kunne ya saba. Da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Afrilun 1994 sai ga masu gabatar da shiri suna karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya, wani lokacin har lambar mota, 'yan daba kuma na tsaye a shingen hanya, adda a hannu rediyo a kunne. Cikin kwana 100 aka kashe mutum kusan 800,000. Janar Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a can, ya nemi a toshe tashar, Amurka ta ƙi, ta kawo maganar tsada da dokokin ƙasa da ƙasa, wallahi har yau abin yana min ciwo. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan Ruwanda da ke Arusha a Tanzaniya ta ɗaure Ferdinand Nahimana, malamin tarihi a jami'a kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa tashar, tare da Hassan Ngeze na jaridar Kangura.

To ina masu bincike suka shigo? Kowa yana iya cewa rediyo ce ta jawo, amma nawa ta jawo kuma ta wace hanya, wannan sai an auna. Wani mai bincike, David Yanagizawa-Drott, ya lura Ruwanda ƙasa ce ta tsaunuka, wani ƙauyen yana kama tashar tangaran, na bayan dutse kuma ba ya ji sam, sai ya kwatanta su, a 2014 ya fitar da sakamakon cewa kusan kashi 10 cikin 100 na shiga kisan ana iya jingina shi ga RTLM. Shi kuwa Scott Straus gidajen yari ya bi, ya zauna da makasa sama da 200, mafi yawansu ba rediyo suka fara ambata ba, tsoron yaƙi suka ambata da matsin shugabannin yanki da maƙwabta masu zuwa har ƙofar gida su ce fito. Masanan ba su daidaita a kan girman tasirin ba, ni dai abin da na ɗauka shi ne rediyo ba ta mai da mutumin kirki makashi dare ɗaya, tana dai nuna masa manya sun yarda kuma kowa ma yi yake.

Wannan fahimtar aka juya aka yi aikin sulhu da ita. A 2004 aka fara wasan kwaikwayon rediyo Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu masu gaba da juna. Elizabeth Levy Paluck ta shekara guda tana bin rukunonin masu sauraro, wasu suna jin wannan shirin wasu kuma na kiwon lafiya, ta gano abin da mutum ya ƙudura a ransa bai wani sauya ba, amma abin da yake ganin jama'a sun yarda da shi ya sauya, kamar auratayya tsakanin ƙabilu da iya miƙewa a taro ka ce ban yarda ba. Kar ka raina wannan na ƙarshen, a 1994 masu iya cewa a'a a bainar jama'a su ne suka yi ƙaranci.

Mu ma nan ba mu tsira ba. A rikicin Filato na Yunin 2018 an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa 'yan'uwanku, da BBC ta bi diddigi ta tarar wasu tsofaffi ne, wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, amma kafin gaskiya ta fito matasa sun riga sun tare hanya. Yanzu kuma ga saƙon murya na WhatsApp da Hausa zalla, wanda ko karatu ba ya buƙata, daga waya zuwa waya har rugar da ba lantarki. Wa ke fara tura shi, wa ke gaskatawa, gyaran waye mutane suke karɓa, na liman ko na mai unguwa ko na rediyo? Idan ka kai aji huɗu aka ce ka kawo taken furojet, ka ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya ka yi a kan wannan, kuma ka dage da kwas ɗin dabarun bincike tun yanzu ko da lissafin cikinsa ya ba ka wuya.