Ɓerayen Masar ɗina mata biyu sun fara cizon juna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɓerayen Masar mata biyu, waɗanda mutanen nan suke ce wa kobay. Na saya wa yarona su tun suna 'yan ƙanana, yau kusan shekara biyu ke nan suna keji ɗaya ba a taɓa jin kansu ba. Tun da zafin nan ya shigo babbar ta sa ƙaramar a gaba: ta hau ta, ta kore ta daga kwanon abinci, tana ta kaɗa haƙora. Shekaranjiya na ga jini a kunnen ƙaramar. Kejin na waya ne, tsawonsa bai wuce santimita 70 ba. In raba su ne, ko in sayar da babbar in huta? Daga wata uwa a unguwar Yelwa, Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki yi saurin kai ta kasuwa. Amma tunda har an ga jini, yau ɗin nan ki raba su. Ki sa ragar waya a tsakaninsu yadda za su ga juna, su ji ƙanshin juna, ba tare da haƙori ya kai ga fata ba. Dabba ce da ba ta jure zaman kaɗaici.

Hawan juna da kika gani, da gurnani ƙasa-ƙasa, da tafiya ana karkaɗa ɗuwawu, da ɗaga haɓa, duk neman girma ne, kuma mata ma suna yi. Macen tana shiga lokacin neman namiji kusan kowane kwana 16, a ranakun nan sai ki ga ta zama mai fitina, kwana ɗaya ko biyu ta sauko. Wannan ba a shiga tsakani. Abin tsoro shi ne kaɗa haƙora da ƙarfi gashin wuya a tsaye, sannan su dunƙule suna birgima. Idan haka ta faru kada ki sa hannu. Na taɓa yi a gidana, haƙorin gaba ya shige mini gindin babban yatsa, na yi mako ina jinya. Tsumma mai kauri za ki jefa musu, ko ki zura kwali tsakaninsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne shekara biyun nan na zaman lafiya. Dabbar da ta sauya hali dare ɗaya, sau da yawa ciwo ke cin ta. Matan da suka haura shekara ɗaya da rabi suna yawan samun ƙulli mai ruwa a ƙwan haihuwa, wanda ke rikita musu jiki. Ki ɗauki babbar ki ɗora a cinya, ki shafa gefen cikinta dama da hagu. In kin ga gashi ya zube a ɓangarorin biyu daidai wa daida, fatar kuma sumul babu ƙaiƙayi, ko kan nonon ya yi ɓawo, to ki kai ta wurin likitan dabbobi. In kuwa tana yawan soshe-soshe har tana ƙara idan an taɓa bayanta, ƙila ƙananan ƙwarin fata ne, kuma suna da magani.

A nan zan roƙe ki abu ɗaya. Kada ki sayi amoksisilin ko ampisilin ko penisilin a shago ki ba ƙaramar saboda ciwon kunnen. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka wa hanjinta, gudawa ta biyo baya, kwana kaɗan ta mutu. Ki wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, safe da yamma. In ya kumbura ko ya yi taushi kamar maruru, sai likita.

Kejin nan kuwa ya yi musu kaɗan ƙwarai. Guda biyu suna buƙatar aƙalla santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, in ya fi haka ma madalla. A shimfiɗa katako ko tabarma da busasshiyar ciyawa a ƙasa, don waya tana cin tafin ƙafarsu. Kwanon abinci biyu nesa da juna, ruwa wuri biyu. Maɓoya ma biyu, kowace da ƙofa biyu. Kwalin sabulu da aka huda ta gaba da baya ya isa. Maɓoya mai ƙofa ɗaya tarko ce, nan ake ritsa ƙaramar a cije ta.

Ga kuma zafin Garwa. Asalin dabbar nan daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka take, can wajen Peru da Bolibiya, ƙasar sanyi. Shi ya sa a Kamaru ma kiwonta ya fi ƙarfi a tuddan Yamma. Da zafi ya haura digiri 30 ta fara wahala, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce 40. Ki ɗauke kejin daga ƙarƙashin kwano zuwa ɗaki mafi sanyi ko inuwar darbejiya, ki rufa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, ki ajiye musu tayil ko kasko mai sanyi su kwanta a kai. Ciyawa kada ta yanke dare da rana, don haƙoransu ba sa daina tsiro, kuma mai tauna ba ta cika neman faɗa ba. Jikinsu ba ya haɗa bitamin C, sai a abinci: yankan tattasai kullum, ɗan gwaiba jefi-jefi.

Idan kunnen ya warke, ki haɗa su a wurin da ba na kowa ba, kamar tsakar ɗaki, da tulin ciyawa a tsakiya, ki zauna kusa da tsummanki na 'yan awanni. Za su hau juna, za su yi gurnani, ki ƙyale su. In sun ci tare, ki mayar da su sabon keji da aka wanke tas. Sukan ɗauki kamar mako biyu kafin kowace ta san matsayinta. In jini ya sake fita, ki bar su maƙwabta har abada, raga a tsakani, ciyawar kowace a jikin ragar yadda za su riƙa ci fuska da fuska.