Amsa ga 'yar'uwar da aka tura mahaifiyarta hoton jijiyar ido

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce an auna matsin idonta an samu 17, duk da haka likita ya ce a yi hoton OCT, wato hoton jijiyar ido, ga shi kin ji wai hoton yana gano cutar mantuwa, shi ne kike tambaya ko ya cancanci kuɗinsa.

Ku yi shi. Shekarata takwas ina fama da hawan jinin ido, kuma hoton nan ne ya kama ni. Nima matsin idona bai taɓa wuce 21 ɗin da ake cewa iyakar lafiya ba, amma jijiyar tana ta cinyewa ban sani ba. Da gefe-gefen gani ciwon yake farawa, ba zafi, ba ja. Babana sai da ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida muka farga, muna ta cewa yanar ido ce, ashe aikin gama ya gama. Abin da ya mutu na jijiyar ba ya dawowa.

Gwajin kansa ba komai. Za ta ɗora haɓa, ta kalli wani ɗan haske, kafin ki gyara zama an gama, ba abin da zai taɓa idon. Na'urar tana auna kaurin zaren jijiyoyin da ke shimfiɗe a bayan ido, sai ta fitar da takarda mai kore, ruwan ɗorawa da ja. Kada jan ya tayar miki da hankali, masu tabarau mai kauri na rashin hangen nesa sukan ga ja alhali lafiyarsu ƙalau. Likita sai ya haɗa da gwajin faɗin gani, wanda ake danna maɓalli in an ga ƙyallin haske. Kuma amfanin hoton yana wajen kwatanta na bana da na baɗi, don haka ki adana takardar. Wani asibiti ya taɓa ɓatar min da ta farko, sai da muka koma lissafi daga tushe, har yau abin yana min ciwo.

Maganar mantuwa kuwa, akwai ƙamshin gaskiya, tunda jijiyar ido reshen ƙwaƙwalwa ce. A 2023 masu bincike na asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ga sirancewar wani sashe na bayan ido a masu cutar karkarwa ta Parkinson, wadda ita ma cutar ƙwaƙwalwa ce, wasu shekara bakwai kafin a gano ta. Amma wannan lissafin dubban mutane ne a dunƙule. Ba likitan kirki da zai kalli hoton Hajiya kaɗai ya ce tana da mantuwa. In tana yawan maimaita magana ko ɓata hanya, likitan ƙwaƙwalwa za ku gani.

In an rubuta mata maganin ɗigawa na timolol, ki gaya musu ko tana da asma. Kuma ke da 'yan'uwanki ku je a duba ku, hawan jinin ido yana bin jini.