Jami'in Hulɗa da Jama'a ko Ma'aikacin Talla: Wanne Ya Kamata Na Ɗauka?

Tambaya: Ina da kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, ma'aikata kusan sittin. Ina so na ɗauki mutum ɗaya da zai fito da sunan kamfanin. Masu neman aikin wasu sun ce hulɗa da jama'a suka karanta, wasu sun ce talla. Ni dai a ganina duk ɗaya ne. Akwai bambanci?

Amsa: Alhaji, akwai bambanci, kuma babba ne. Kafin ka duba takardun kowa, ka fara tantance abin da ke damun kamfanin. Idan buhuna ne suka taru a sito ba masu saye, talla kake buƙata. Idan kuwa mutanen unguwa ne ke ƙorafin ƙurar injin, ko jita-jita ta bazu cewa shinkafarka da tsakuwa, ko hukuma ta fara aiko da takardu, to wannan aikin jami'in hulɗa da jama'a ne.

A talla, kuɗi kake biya ka sayi fili: daƙiƙa talatin a rediyo, shafi a jarida, allo a bakin titi, ko sanarwa a Facebook. Kai ke zaɓar kalmomi da lokacin da za a sa. A hulɗa da jama'a ba ka da wannan iko. Jami'inka zai rubuta sanarwa ya aika wa manema labarai, edita ya ga dama ya buga, ya ga dama ya yanke rabi. Abin da ake nema a nan shi ne wani ya faɗi alherinka da bakinsa, domin mai sauraro ya fi yarda da labari a kan talla.

Dokar Najeriya ma ta raba su. Masu hulɗa da jama'a suna ƙarƙashin cibiyar NIPR, wadda aka kafa a 1963, doka mai lamba 16 ta 1990 kuma ta ba ta ikon rajistar masu sana'ar. Talla tana hannun hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, kuma tana tantance talla kafin a fitar. Tunda abinci kake sarrafawa, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ma sai ta amince da tallanka. Mai neman aikin talla da bai san wannan ba zai jawo maka tara. Don haka ka nemi shaidar rajista a wurin kowannensu.

Sai dai takarda ba ta nuna iya aiki. Ka gwada su a ranar ganawa.

Mai hulɗa da jama'a, ka ce masa bidiyo ya bazu a WhatsApp ana cewa an sami ƙwari a buhunka. Ba shi minti 45 ya rubuta sanarwar da ba ta wuce kalmomi 250 ba, da Hausa da Turanci, sannan ya jera waɗanda zai fara kira. Ka duba sakin layi na farko: ya faɗi abin da ya faru, a ina, yaushe, da matakin da kamfani ya ɗauka? Wanda ya fara da ƙaryatawa tun bai tambayi lambar buhun da ranar sarrafawa ba, ka sallame shi. Haka wanda ya manta da dillalai da ma'aikatanka, alhali su mutane za su fara tambaya a kasuwa. A 1982, da mutum bakwai suka mutu a Chicago ta Amurka bayan shan maganin Tylenol da wani ya sa wa guba, kamfanin Johnson & Johnson dakatar da tallan maganin ya yi, ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa, ya fito ya yi wa jama'a bayani. A irin wannan rana ƙara talla ƙara ɓarna ne, kuma gwanin wannan fanni ya san haka.

Mai talla kuwa, ka ce ga naira miliyan 3 na wata uku, ya raba maka. Na ƙwarai ba zai taɓa lissafi ba sai ya tambaye ka wa ke saye: 'yan sari a kasuwannin Dawanau da Singa, ko matan gida, ko masu gidajen abinci? Kowanne da tashar da yake ji da lokacin da yake ji. Ya iya faɗa maka nawa za ka kashe kafin mutum dubu su ji saƙon, sau nawa kowa zai ji shi a mako, da dalilin ƙara ƙarfi gab da azumi. Sannan ya rubuta tallan rediyo na daƙiƙa talatin, wanda bai kamata ya wuce kalmomi saba'in ba. Ka sani kuma talla ba sana'a ɗaya ba ce: akwai marubuci, akwai mai zane, akwai mai sayen fili a kafafen yaɗa labarai. Da wuya mutum ɗaya ya haɗa duka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tsohon ɗan jarida, bayan wata uku a tambaye shi me ya sa ciniki bai ƙaru ba. Ba aikinsa ba ne. Shi ana auna shi da yadda ake ambaton kamfani, saurin amsa ƙorafi, da zaman lafiya da maƙwabta da hukumomi. Idan ya kawo rahoto cewa labaran da aka buga sun kai darajar tallan miliyan kaza, kada ka karɓa; masana fannin sun yi watsi da wannan ma'auni tun a taron da suka yi a birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya a 2010. Wanda kuma duk dabararsa ita ce raba wa 'yan jarida kuɗin mota, talla yake saye a ɓoye, ranar da kuɗin ya tsaya labarin ma ya tsaya.

Ga kamfani mai girman naka, shawarata ka ɗauki jami'in hulɗa da jama'a na dindindin, ya riƙa kai rahoto gare ka kai tsaye, domin dole ya san cikin gida kafin ya yi magana da yawunka. Talla kuma ka ba kamfanin talla mai rajista kwangilar wata uku-uku, manajan cinikinka ya riƙa kwatanta buhunan da suka fita kafin tallan da bayansa.